Yadda Za Ka Yi Zancen Kashe Kuɗi da Turanci Ba Tare da Katoɓara Ba

Bahaushe na iya wuni yana zancen kuɗi da kalma biyu kacal, kashewa da biya, kuma ba wanda zai ce bai gane ba. Ka kashe kuɗi a gini, ka kashe a magani, ka kashe a biki, ka kashe a banza. Kalmar ɗaya ce, murya da fuska ne ke nuna ko daɗi ka ji ko takaici. Turanci ba haka yake ba. Abin da mu muke bar wa murya, shi kalma ya ware masa. Shi ya sa za ka ga yaro ya san *spend* da *pay* da *cost* tun yana firamare, amma ranar da ya zauna rubuta wasiƙa a jarrabawar WAEC ko NECO, ko zai tura wa wani ɗan kasuwar ƙasar waje saƙo a WhatsApp, sai ya rubuta *I paid the shoes* ko *the phone costed me*. Na daɗe ina cin karo da irin waɗannan jimloli a rubutun ɗalibai, kuma abin yana damuna, domin ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. An ba su kalmomin ne ɗai-ɗai, kamar a miƙa wa mutum ruwan gatari babu ƙota.

Ga hanyar da nake bi. Kafin ka zaɓi kalma, ka tambayi kanka abu uku: wa ke kan gaba a jimlar, wace ƙaramar kalma ce za ta biyo baya, kuma da wace irin zuciya kuɗin suka fita.

Mataki na farko: gano wanda ke kan gaba

Ɗauki ciniki ɗaya tak. A ce ka shiga Kantin Kwari ka yanki yadi na naira 40,000. A wannan cinikin ku uku ne: kai, mai shago, da yadin. Turanci ya ba kowannenku tasa kalmar, kuma ba a musanya su.

In da kai za a fara jimlar, naka su ne *spend*, *pay* da *buy*. Za ka ce *I spent 40,000 naira on the cloth*, ko *I paid 40,000 naira for the cloth*, ko *I bought the cloth for 40,000 naira*. In yadin ne a gaba, to *cost* ce tasa: *The cloth cost me 40,000 naira*, daidai da yadda muke cewa yadin nan ya ci mini dubu arba'in. In kuwa mai shago ne, sai *charge*, wadda ma mun riga mun mayar da ita tamu a cikin "ya caje ni": *He charged me 40,000 naira for the cloth*.

Wanda ya rikita wannan rabon ya faɗi abin da bai yi niyya ba. *I cost 40,000 naira* tana nufin kai ne aka kasa a kasuwa, kuma farashinka ke nan.

Tun a nan ka riƙe siffar da suke ɗauka in abu ya riga ya wuce. *Spend* ta koma *spent*, *pay* ta koma *paid*, *buy* ta koma *bought*. Ita kuwa *cost* ba ta motsi: jiya *cost*, yau *cost*. Akwai *costed* a Turanci, amma aikinta daban ne. Ita ce ake amfani da ita in injiniya ko ɗan kwangila ya zauna ya ƙiyasta abin da aiki zai ci. Ba ruwanta da wayar da ka saya.

Wajen tambayar farashi ma hanya biyu ce, *How much is it?* da *How much does it cost?* Ka ɗauki ɗaya ka bar ɗaya. In ka gwama su ka ce *How much is it cost?* ka ɓata duka biyun.

Mataki na biyu: haddace kowace kalma tare da 'yar rakiyarta

A nan ne aka fi zubar da maki, don haka zan ɗan daɗe.

'Yar rakiyar *spend* ita ce *on*. *She spends a lot on data. We spent everything on the wedding.* Hankalin mai koyo yakan kai shi ga *for*, ka hana shi. Sannan *spend* ba ta tsaya kan kuɗi ba, har lokaci ana kashewa da ita. *We spent the night in Zaria*, mun kwana a Zariya. In aiki ne ya biyo baya, sai ya ɗauki *-ing* a ƙarshe: *I spent two hours waiting*, ba *to wait* ba.

*Pay* ce mai wuyar sha'ani, amma Hausa da kanta za ta taimake ka. Lura, ba ma cewa "na biya takalmi". Cewa muke "na biya kuɗin takalmi". To duk inda ka ji Hausa ta saka "kuɗin" kafin kayan da ka saya, a nan Turanci ke saka *for*: *I paid for the shoes*. In kuwa mutumin da ya karɓi kuɗin ne ya biyo baya, babu *for*, kamar yadda mu ma ba ma ƙara komai: na biya tela, *I paid the tailor*. Dubi abin da kalma ɗaya ke yi. *I paid the tailor*, ka ba tela hakkinsa. *I paid for the tailor*, ka biya masa wani abu ne, wataƙila kuɗin mota ko na abinci. In kana son haɗa komai a jimla ɗaya, jerin shi ne mutum, adadi, sannan kaya: *I paid the tailor 8,000 naira for the kaftan*.

Akwai kashi na uku. Wasu kalmomin da ma sunan kuɗi ne, kamar *rent*, *tax*, *bill*, *fees* da *fine*. "Kuɗin" yana cikinsu tun asali, saboda haka ba sa neman *for*: *pay the rent*, *pay the school fees*, *pay the electricity bill*.

Hanyar biyan ma da nata. Ana cewa *pay by card* da *pay by transfer*, amma tsabar kuɗi *pay in cash* ne, ko *pay cash* kawai. Nau'in kuɗi ma *in* ne: *pay in dollars*. Kafin alƙalami shi ne *deposit*. Biya tun kafin a yi aiki *pay in advance*. Biya kaɗan-kaɗan *pay in instalments*, kuma Amurkawa da *l* biyu suke rubuta ta, *installments*. In aka mayar maka da kuɗinka saboda kaya sun fito da matsala, *refund* ke nan: *I asked for a refund*.

*Buy* ba ta da rigima. *Buy from* wajen wanda ka saya, *buy for* wanda ka saya wa. 'Yar'uwarta *purchase* ma'anarsu ɗaya, sai dai ita ta ofis ce, ta rasit da takardar kwangila da wasiƙar hukuma. Ɗalibai suna sonta don tana da nauyi a baki, amma wanda ya ce *I purchased suya* ya sa babbar riga ne zai shiga gona.

Mataki na uku: koyi faɗin "ƙarfina bai kai ba"

Kalma ɗaya ce, *afford*, kuma kusan kullum tana tafiya ne da *can*, *can't* ko *could*. *I can't afford a car*, ba ni da halin sayen mota. *We can afford to wait*, jira ba zai cutar da mu ba. Ba a cewa *I afforded it* da nufin na saya. Ina son wannan kalma saboda tana rufa asiri. Wanda ya ce *I can't afford it right now* bai ce shi matsiyaci ba ne, ya dai ce abin bai shiga lissafinsa ba a yanzu. In kuwa aljihu ya bushe ƙarƙaf, tsakanin abokai sai ka ce *I'm broke*. *Penniless* ta fi ta tsanani, kuma gininta irin namu ne na "ba shi da ko kwabo". Ba abin mamaki ba ne, domin kwabo da sisi da sule da fam duk daga kuɗin Ingila muka samo sunayensu, kuma irinsu aka yi ta kashewa a Najeriya har zuwa 1973 da naira ta karɓe su.

Mataki na huɗu: warware bashi

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka ba makawa sai ka yi maganarsa. A nan Hausa da Turanci kowa inda ya sa ido daban.

Mu abin da muke dubawa shi ne irin abin da aka karɓa. In shi kansa za a dawo da shi, kamar tsani ko keke, aro ne. In madadinsa za a kawo, kamar kuɗi ko mudun gero, rance ne. Amma mai bayarwa da mai karɓa duk tushen kalma ɗaya suke amfani da shi: ara mini, na ara, ranta mini, na ranto. Turanci bai damu da ko tsani ne ko kuɗi ba. Shi inda abin ya nufa yake dubawa. Mai bayarwa *lend* yake yi, mai karɓa *borrow*. Wannan ne asalin *borrow me 500* da ake ji ko'ina a Najeriya. Abin da ya dace shi ne *lend me 500*, ko *can I borrow 500 from you?* Dabarar da nake ba ɗalibai ita ce su haddace su da rakiyarsu, *borrow from* da *lend to*. In hannunka miƙawa yake, *lend*. In karɓa yake, *borrow*. *Lend* in ta wuce *lent* take zama. Kuɗin da aka ranta kuwa sunansu *loan*.

Sai *owe*, wadda ta fi kowace juya wa Bahaushe kai. Mu mai kuɗin muke sawa a gaba: ina bin sa bashi. Turanci wanda ya ci bashin yake sawa a gaba: *he owes me*. Saboda haka in ka fassara kai tsaye ka ce *I owe him 20,000 naira* alhali kai ke bin sa, ka amsa bashin da ba ka ci ba, kuma in a rubuce ne, ka ba shi hujja a hannu. Ka maimaita wannan har ya zauna: ana bi na, *I owe*, ina bi, *he owes me*. Kuma *I owe* ake cewa, ba *I am owing* ba.

Karɓar kaya bashi shi ne *buy on credit*. Mayar da rance *pay back*. In ka biya har ka kammala, ba sauran ko sisi a kanka, *pay off*: *I have paid off the loan*.

Mataki na biyar: zaɓi kalmar da ta dace da zuciyarka

Duk abin da ya gabata gyaran jimla ne. Wannan shi ne inda Turancinka zai fara ɗanɗano. *Spend* ba ta yabo, ba ta zargi. Sauran kuwa kowace da hukuncin da take ɗauke da shi.

In kuɗin sun tafi a banza, *waste*, ita ma da *on*: *He wasted his salary on betting*. In dukiya ce mai yawa aka yi facaka da ita, kamar gado ko kuɗin jama'a, *squander* ta fi dacewa, kuma za ka yi ta ganinta a jaridu: *He squandered his inheritance*. Tana da nauyin da almubazzaranci ke da shi a wurinmu, don haka kada ka ɗora ta kan naira 200 ta rake. *Blow* ta hira ce, a ƙone kuɗi lokaci ɗaya: *He blew it all in one week*. Akwai kuma wadda na fi ganin ta dace da rayuwar yawancinmu, *fritter away*, wato kuɗi su zurare kaɗan-kaɗan, ɗari biyu nan, ɗari biyar can, wata ya ƙare ba ka san inda suka shiga ba.

In kuwa da gangan ka buɗe aljihu don ka ji daɗi, ba tare da nadama ba, *splurge* ce: *She splurged on a new lace for Sallah*. Mutanen Ingila sukan ce *splash out on*. *Treat yourself* ta fi su laushi, ka ɗan kyautata wa kanka.

In ranka bai so ba fa? Uku ne, kuma duk na hira ne, ba na wasiƙar ofis ba. *Fork out* da *shell out* na nufin ka fitar da kuɗi masu yawa kana ƙunƙuni: *I had to fork out 60,000 naira for a new battery*. *Cough up* ta fi su zafi. Asalinta tari ne, kamar an matse mutum sai da ya amayar. Ita ake faɗa wa wanda aka yi ta bi kafin ya biya.

In kuɗin za su haifar da wasu, ko za su yi amfani nan gaba, *invest*, kuma rakiyarta *in* ce, ba *on* ba: *invest in a grinding machine*, *invest in your children's education*. Zuba jari ke nan. Kishiyar kashewa kuma, *save* tanadi, *save up for* tara kuɗi don wani abu takamaimai, *cut back on* rage kashewa. Abin da 'yan jarida ke kira tsuke bakin aljihu, Bature ɗamararsa yake tsukewa: *tighten your belt*.

Sai biyan taro, inda al'ada ta shigo. Karo-karo shi ne *chip in*: *We all chipped in for his hospital bill*. In an ci abinci an raba kuɗin, *split the bill*. In kowa ya biya nasa, *go Dutch*, kuma ba ruwanta da tafiya ƙasar Holan. Wanda ya ɗauki nauyin duka, musamman in nauyin ya yi yawa, *foot the bill* ya yi. Wannan wurin ina so duk mai shirin tafiya karatu ko aiki Ingila ko Amurka ya kula. A wurinmu wanda ya ce zo mu ci abinci shi zai biya, ba sai an faɗa ba. A can, tsakanin abokai da abokan aiki, sau da yawa kowa nasa yake biya. In ba ka ji an ce *it's on me* ko *my treat* ba, ka tafi da kuɗinka. In kai ne mai gayyata kuma ka yi niyyar biya kamar yadda aka tarbiyyantar da kai, ka faɗi ɗaya daga cikin biyun tun farko, za a ji daɗi.

Wani gargaɗi ƙarami: in dattijuwar Ingila ta ce za ta je ta *spend a penny*, ba kanti za ta ba. Tsohuwar sakaya ce ta zagayawa, daga zamanin da ake jefa kwabo ɗaya kafin ƙofar bayin jama'a ta buɗe.

Mataki na shida: ba kowane kuɗi sunansa

Mu "kuɗin" muke sawa a gaba mu wuce: kuɗin mota, kuɗin makaranta, kuɗin haya. Turanci kowanne da sunansa. Na mota da jirgi da Keke Napep *fare*. Na makaranta da likita da lauya *fee*. Na haya *rent*. Tara *fine*. La'ada *commission*. Ragi *discount*. Abin da ka kashe gaba ɗaya *expenses*, a takardun gwamnati kuma *expenditure*. *Tip* tana kusa da tukwici amma ba ɗaya ba ne. Tukwici na wanda ya kawo maka saƙon alheri ne, *tip* kuwa na wanda ya yi maka hidima ne, kuma a gidajen abincin Amurka kusan wajibi ne, yawanci kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin abincin.

Ita kanta *money* ba a ƙirga ta. Mu mukan ce kuɗin sun ƙare, su kuma *the money is finished* ko *the money has run out*, ba *are* ba. *Much money*, ba *many* ba. Wajen adadi, *five thousand*, ba *five thousands* ba. Dala da fam suna ɗaukar *s*, *ten dollars*, *ten pounds*, naira ba ta ɗauka.

Mataki na bakwai: tsada, araha, da halin mutane

Kaya ne ke zama *expensive* ko *cheap*. Farashi kuwa *high* ne ko *low*. *The price is expensive* kuskure ne da ya yaɗu ƙwarai.

Ka yi hattara da *cheap*. Mu ma mun ce araha ba ta ado, to haka take a Turanci, sau da yawa tana ɗauke da warin rashin inganci. In kana tallar kayanka a intanet, *affordable* ko *reasonable* sun fi mutunci. Garaɓasa ita ce *a bargain*. Kayan da aka tsawwala wa kuɗi *overpriced*, in abin ya kai ga cuta ƙiri-ƙiri kuma *a rip-off*. In kwalliya ta biya kuɗin sabulu, *it's worth it*. Kada ka ce *it worths*, domin *worth* ba aikatau ba ce, dole sai da *is* a gabanta. Sannan ga tarko: *priceless* ba ta nufin marar daraja, tana nufin abin da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi. Marar daraja shi ne *worthless*.

Wajen siffanta mutane, bambancin tattali da rowa yana nan daram. *Thrifty* da *frugal* yabo ne, mai tattali. *Stingy* da *tight-fisted* zagi ne, marowaci, mai maƙo. A Ingila *mean* ma na iya nufin marowaci, a Amurka kuwa mugu take nufi, su *cheap* suke ce wa marowaci. *Generous* mai kyauta, *extravagant* mai wuce gona da iri. *Spendthrift* na yaudarar mutane da yawa saboda *thrift* da ke jikinta, alhali almubazzari take nufi. Haka *economical* ita ce abin da ba ya cin kuɗi, kamar mota marar shan mai, *economic* kuwa abin da ya shafi tattalin arzikin ƙasa.

Mataki na takwas: san wanda kake magana da shi

Turancin Najeriya yana da nasa kalmomin, kuma ban ɗauke su abin kunya ba. A kasuwar Sabon Gari ko ta Wuse su ne ke aiki. Amma ka san iyakarsu. *Dash* da nufin kyauta, mutumin Landan ba zai gane ba, shi *give* ya sani. *Price* da nufin tayi, kamar *I priced it*, a waje *haggle* ko *bargain* ake cewa: *We haggled over the price*. "Nawa gaskiya?" da muke mayarwa *last price*, a can *What's your best price?* ta fi zama daidai. Canji *change* ne, ba *balance* ba. *Balance* ragowar abin da ke asusunka ne, ko cikon kuɗin da ya rage ka biya. A jarrabawa da wasiƙar neman aiki da ciniki da baƙi, ka ɗauki na waje. A gida ka yi yadda aka saba.

Tsakanin Ingila da Amurka ma akwai saɓani. In ka gama cin abinci a Landan *the bill* za ka nema, a New York *the check*. Takardar kuɗi a Ingila *note* ce, a Amurka *bill*. A hira za ka ji *quid* a madadin fam, kuma ba ta ɗaukar *s*, *twenty quid*. Amurkawa kuma *bucks* suke ce wa dala. *Grand* dubu ce a duka ƙasashen biyu.

Mataki na tara: gyara furuci

Hausa ba ta raba *p* da *f* ba, kuma kalmomin kuɗi cike suke da su. A *pay*, *price*, *spend* da *purchase* leɓɓa biyu ke haɗuwa su fashe. A *fee*, *fare*, *fine*, *afford* da *refund* haƙoran sama ne ke sauka kan leɓen ƙasa, iska ta zurara. Tsaya gaban madubi ka faɗi *pay the fee* da *pay the fine* sau goma-goma kana kallon bakinka. Wannan ba ƙawa ba ce, domin *fee* in ta zame ta koma *p*, fitsari ka ambata. A *debt* ba a furta *b*, a *receipt* ba a furta *p*. Kakanninmu da suka ɗauko kalmar da kunne suka ce rasit, su ne suka furta ta daidai.

Mataki na goma: rubuta kashe-kashenka na yini

Ka samu ƙaramin littafi ko ka buɗe wurin rubutu a wayarka. Kowane dare, na tsawon mako biyu, ka rubuta abin da ya fita daga aljihunka a jimla biyar ko shida, da sharaɗin kada aikatau ɗaya ya fito sau biyu. Ga misalin yini guda:

*I paid 600 naira for a ride to the market. The tomatoes cost more than last week. The mechanic charged me 4,000 naira. I lent my neighbour 2,000 naira, so he now owes me 5,000. We chipped in for a colleague's naming ceremony. I couldn't afford the shoes, so I'm saving up for them.*

In ka gama, ka bi kowace jimla da biro. Ja layi ƙarƙashin wanda ke kan gaba, ka duba ko kalmarsa ce ka ba shi. Zagaye ƙaramar kalmar da ta biyo baya, *on* ce ko *for* ko *in* ko *from*. Sannan ka ɗauki jimla ɗaya ka juya ta ta fuska uku, taka da ta kaya da ta mai sayarwa, kamar yadda muka yi da yadin Kantin Kwari. A mako na biyu ka fara sauya *spent* da kalmar da ta faɗi gaskiyar yadda ka ji: batirin da ya mutu ba shiri *forked out* ne, turaren Sallah *splurged*, katin da ka ƙone a kallon bidiyo har asuba kuma *wasted*. Ranar Juma'a ka karanta wa wani abokinka shafin makon da babbar murya, ka ce ya tsayar da kai duk inda ya ji *p* ta koma *f*.